Manhajar Zangarniya da Mutanen da Aka Rufe wa Ƙofa

Akwai wani mutumin Ƙanƙara mai suna Mas'udu, masanin kwamfuta. Ranar Alhamis, 9 ga Satumba, 2021, gari ya waye da yayyafi da hadari a gabas, ya hau mota zuwa Abuja don kama sabon aiki. A cikin kwanakin ne aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa saboda matsalar 'yan bindiga.

Mas'udu shi ne ya ƙirƙiri wata manhajar waya mai suna Zangarniya. Tana nuna wa manomi hoton ƙwarin da ke cin amfaninsa, ta yi masa bayanin magani da murya, da Hausa, ko da babu sabis. Kyauta ce, kuma a buɗe take: duk mai iyawa zai duba yadda aka rubuta ta, ya yi gyara, ya turo. Mas'udu kaɗai ke da ikon karɓar gyaran ya shigar.

Ba a biyan kowa. Mutane sun shigo ne don suna son abin.

Biyu daga cikinsu su ne ƙashin bayan aikin. Jabiru, malamin gona a Yankara, ya koyi rubuta manhaja da kansa, shi ke gyara ta don ta yi aiki a ƙananan wayoyi. Sai Malama Safara'u, malamar firamare a Sabuwa. Ita ke bin tsofaffin manoma gida-gida tana ɗaukar muryoyinsu, saboda ta lura manomi ya fi yarda da muryar da ta yi kama da ta mahaifinsa.

Kafin tafiyarsa, Mas'udu ya ga wani tsari da manyan ayyuka na ƙasashen waje ke amfani da shi, ya burge shi. Wani ɗan aike ne na na'ura da ake kira bot. Idan mutum ya turo gyara, aka yi masa tambaya bai amsa ba har wata guda, sai bot ya rufe aikin. Idan shirun ya yi tsawo, sai ya cire mutum daga cikin ma'aikata. Mas'udu ya kunna shi, ya tafi.

Ya san an katse waya a gida. Bai tuna da bot ba. Shi kuwa bot bai san Sabuwa ba.

A watan Nuwamba Malama Safara'u ta nemi izini a makaranta, ta bi hanyar da kowa ke tsoro har Zariya, don kawai ta sami sabis ta tura sauran muryoyin da ta tara a kan tsutsar masara. Da ta buɗe shafin sai ta tarar an rufe aikinta. A ƙasa akwai layi biyu na Turanci, cewa an rufe ne saboda ba ta nuna sha'awar ci gaba ba.

Ta kira Mas'udu.

"Malam Mas'udu, ina wuni. Ya Abuja?"

"Lafiya lau, Malama. Ina cikin taro, mi ya faru?"

"Na ga an rufe mani aiki. An ce ban da sha'awa."

Ya yi dariya. "Ba ni ba ne, bot ne. Na nemi ki sake wa muryoyin suna, ba ki amsa ba."

"Da wace wayar zan amsa? Mu da sai mun hau dutse muke jin ko wani namu na da rai?"

"To ai haka ake yi a duniya, Malama. Ba za mu ci gaba da aiki kamar taron biki ba. Ki sake turowa daga farko, ba wuya."

Ta ce, "Ka kira Jabiru kau?"

"Shi ma ya yi sanyi. Na ga bot ya cire shi."

"An shiga ƙauyensu. An kashe yayansa a gona. Yaran marigayin suna hannunsa yanzu."

Mas'udu ya yi salati, ya ce zai kira shi. Ya so ya kira. Amma babu layi, aiki ya yi yawa, hanya ba kyau, ya ce sai abubuwa sun lafa.

Da aka dawo da sabis a ƙarshen shekara, Jabiru ya kunna wayarsa. Saƙonnin ta'aziyya suka yi ta shigowa daga abokai da 'yan uwa. Daga wajen Zangarniya saƙo ɗaya ne, na bot, yana sanar da shi an cire shi saboda rashin aiki.

Bai yi faɗa ba. Bai rubuta komai a zauren hirarsu na waya ba. Malama Safara'u ma haka. Sauran masu taimakon, da suka ga abin da ya sami waɗannan biyun, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce karatu, wata ta ce hidimar gida.

Da farko Mas'udu bai damu ba. Yana ganin shi ya gina ta, shi kaɗai ma zai iya riƙe ta.

Amma daga Abuja ba ya ganin gona. Wata cuta ta ɓulla a dawa, manoma suka buɗe manhajar ba su ga hotonta ba. Wayoyi suka canza, Zangarniya ta riƙa mutuwa da an taɓa ta. Ya gyara wannan, wancan ya lalace. Ya ɗauki bayani da muryarsa, wani dattijo a Pauwa ya saurara ya ce wa ɗansa, "Wannan bai taɓa riƙe fartanya ba." Ya rubuta neman taimako a intanet. Mutane daga nesa suka yaba, babu wanda ya zo.

Ya kashe bot. Babu wanda ya rage da zai lura.

Bayan shekara biyu ya zo gida Sallah, ya daure ya tafi Yankara ranar kasuwa. Ya sami Jabiru a rumfar masu taki. Jabiru ya tashi, ya ba shi hannu, ya sa aka kawo masa ruwa.

"Jabiru, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya."

"Amin. Ai an daɗe, Injiniya. Har ƙaramin cikin yaran ya shiga makaranta."

Mas'udu ya sunkuyar da kai. "Na zo ne ka dawo. Zan ba ka iko daidai da nawa. Duk abin da ka ga dama ka shigar."

Jabiru ya yi murmushi. "Kwamfutar tana wajen ƙanwata, tana karatu da ita. Ni kau yanzu bakuna tara nake ciyarwa. Ba fushi nake ba, wallahi. Da can in na zauna gyara, ji nake da 'yan uwana nake aiki. Wannan jin ne ya tafi, kuma ban san inda ake samo shi ba."

"Malama fa?"

"Ta bar Sabuwa, tana koyarwa a Zariya. Ta canza lamba, ta ce kada a ba kowa. Wayar da muryoyin ke ciki ta faɗa ruwa a hanyar gudu. Biyu cikin tsofaffin da ta ɗauka sun rasu."

Sunan makarantar da take koyarwa kawai Jabiru ya yarda ya faɗa masa.

Mas'udu ya koma Abuja ya rubuta mata takarda da hannunsa. Bai roƙe ta ta dawo ba. Ya tambayi lafiyarta da ta iyalinta, ya yi mata jajen barin gida, ya gode mata da sunan kowane dattijo da ta taɓa zama a gabansa, ya nemi gafara. Takardar ta daɗe a aljihun jakarsa. Kullum ya ɗauko sai ya ga kamar ta yi kaɗan.

A lokacin manhajar ta riga ta daina buɗewa a yawancin wayoyi.

Wata safiya, a hanyarsa ta ofis, ya tsaya a gidan waya, ya manna kan sarki, ya miƙa ta. Ma'aikaciyar ta tambaye shi ko yana so a sanar da shi idan ta isa. Ya ce a'a.

Darasi: Wanda ya ba ka lokacinsa kyauta ba ma'aikacinka ba ne, ɗan uwa ne. Idan ya yi shiru, ka fara tambayar lafiyarsa kafin ka tambayi aikinsa, kuma kada ka bar wa na'ura abin da ya kamata ka faɗa da bakinka. Manhaja in ta lalace ana gyara ta, amma mutumin da ya ji ba a san da shi ba, da wuya ya dawo. Ku tura wa duk wanda ke jagorantar masu aikin sa kai, tun mutanensa suna tare da shi.