Ɗanyar Kaba a Kan Jinga

An yi wani mutum a wani ƙauye na bakin kogi, gabas da Haɗeja, ta hanyar Baturiya. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan uwa. Sunan nan ya sha faɗa, kuma za ku ji inda aka faɗe shi.

Manomin shinkafa ne kamar yawancinmu. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, yana salla yana azumi. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kaka-gida, wani shirin talabijin da ake kira Tukunyar Rabo. Kun san irinsa, kada ku yi mini kallon ba ku sani ba. Ka tura lambobi ta waya a zare maka kati, ranar Asabar bayan la'asar a juya 'yan ƙwallaye masu lamba, wanda tasa ta fito a ba shi babur ko keken ɗinki. Caca ce tsagwaronta, an dai sa mata babbar riga an haɗa ta da kiɗa.

Shirin ya daɗe. Yaran da aka haifa lokacin da aka fara shi, yau su ne da iyali. Mutumin nan tun farko yake turawa, kuma ko allura bai taɓa ci ba. Amma shi ba ma cin ne ya dame shi ba. Abin da ya fi masa daɗi shi ne a zauna a yi ta musun shirin, a juyo a ce, "To kai me ka gani?"

Da akwai abin musun kuwa. Tsohon mai gabatarwa, Abdulfattah, da hannu yake juya ƙwallayen a cikin tukunyar ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya runtse ido, ya zaro. Da ya manyanta aka kawo wani matashi, Misbahu, da injin gilashi mai hura iska. Shi ke nan masu kallo suka rabu biyu, a gidan kallon da mutumin nan yake zuwa a Haɗeja har benci ya rabu.

Shi ne jagoran 'yan tukunya. Yakan ce, "Tun ranar da aka ajiye tukunyar ƙasa albarka ta bar shirin nan." Albarka fa ya ce, jama'a! A caca! Abokin hamayyarsa, wani mai facin taya ana ce masa Safiyanu, sai ya ce, "Tsohon naku ta ƙasan ido yake leƙe, danginsa yake zarowa. Inji ba shi da ƙani ba shi da suruki." Wani ya ce kiɗan dā ya fi ratsa jiki, wani ya ce yaron nan Turanci ya yi masa yawa, wani ya ce ai dariyarsa ma ta rainin wayo ce. A yi ta yi har a kira magariba ba a ji ba. Suka laƙaba wa mutumin nan suna Alƙalin Tukunya, shi kuwa ya karɓa kamar an naɗa masa rawani.

Buri ɗaya ya rage masa. A ƙarshen shirin ana buɗe layi masu kallo su kira su faɗi ra'ayinsu. Ya daɗe yana gwadawa bai taɓa shiga ba. A ƙauyensu akwai talabijin mai sola a wurin mai shayi, amma sabis ba ya kai wa ga kira, sai mutum ya shigo Haɗeja.

Yanzu ku bar talabijin, ku zo mu je gidansa.

Yana da mahaifiya, Hajo, tsohuwa ce da ciwon ƙafa ya zaunar, daga tabarma sai bakin ƙofa da jan jiki. Shi ne ɗanta na fari, kuma kun san alkunyar iyayenmu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Kai, wannan," haka take kiransa har ya yi furfura. Ɗakinta na ƙasa ne, shi ne na farko a gindin jinga, wato tudun ƙasar da mutanen garin suka tara tsakaninsu da kogi.

Jingar nan ita ce ran garin, kuma suna da tsarin tsaronta tun kakanni. Idan ruwa ya kawo, kowane magidanci da ranarsa da yankinsa. Akwai turke a kafe a kowane yanki, da gwangwani a rataye. Mai tsaro ya zagaya, in ya ga lafiya sai ya yanko ɗanyar kaba ya ɗaura a turken. In ya ga matsala ya buga gwangwani, gayya ta fito da buhuna da fartanya. Sarkin ruwan garin, Tukur, yana bi a kwalekwale yana duba turaku. Ɗanyar kaba tana nufin na duba, lafiya lau, kuma ina nan. Ba a rantsuwa a kanta, don ba a taɓa jin wanda ya ɗaura ta a kan ƙarya ba.

A wannan shekarar ruwa ya zo da ƙarfi, ga na sama ga wanda aka sako daga madatsai. A makon ne kuma aka yi shelar shirin cika shekara. Za a zaunar da Abdulfattah da Misbahu wuri ɗaya, a buɗe layi tun daga farko, masu kallo su yanke hukuncin wanda ya fi. Safiyanu ya aiko masa da saƙo: "A gaya wa Alƙali Asabar ce ranar. In ya isa ya faɗa a gabansu."

Ranar tsaronsa kuwa ta faɗo a wannan Asabar ɗin. Bai nemi canji ba. Da wane baki zai tsaya gaban Tukur ya ce a karɓe shi zai je kallo?

Da safe matarsa Ummussalma ta kwashi yara suka tafi fadama korar tsuntsaye. Zai fita ke nan tsohuwa ta kira shi.

"Kai, wannan, zo ka taɓa ƙasan ɗakin nan. Tun jiya sanyi yake fitarwa."

"Inna, damina ce."

"Ka dai duba jingar nan da kyau. Ka san ni ba ƙafar gudu gare ni ba."

Ya ce to. A hammatarsa kuwa akwai leda, a cikinta wankakkiyar rigarsa da hula.

Bayan azahar ya ga abin. Ramin gafiya ne a bayan jinga, daidai saitin ɗakin Hajo, ruwa yana tsattsafowa. Duk ɗan fadama ya san bambancin. In ruwan garai-garai yake fitowa, da sauƙi. In ya fito da laka, jingar ce take cin kanta ta ciki. Wannan jajir yake fitowa. Ya gani, ya tsuguna ya sa hannu, ya gane. Kada wani ya ce maka kuskure ne.

Ga gwangwani a rataye, ga sanda a hannunsa. Amma in ya buga, gayya za ta fito, a riƙe shi cikin laka har faɗuwar rana, Safiyanu ya ce tsoro ya ji. Sai Shaiɗan ya matso ya ce masa, jingar da ta shekara da shekaru a tsaye, yau ɗaya za ta faɗi? Je ka dawo, kafin magariba ka buga gwangwaninka.

Ya tsigo kacala ya cusa a ramin, ya shafe da laka, ya tattake da diddige. Sannan ya yanko ɗanyar kaba, kore shar, ya ɗaura a turke ya ja kulli. Ya wanke ƙafa, ya sa rigarsa, ya bi ta bayan gari ya tari ɗan acaɓa.

Tukur ya zo wucewa, ya ga kaba. Ya yi sallama bai ji amsa ba, ya ce a ransa mai tsaron yana can ɗaya gefen. Ya tura kwalekwalensa gaba. Laifin Tukur ne? Ya gaskata alamar da ubansa da kakansa suka gaskata.

Gidan kallo ya cika maƙil. Mutumin nan ya danna waya ya sake dannawa, gumi yana keto masa. Ya 'yan uwa, wani lokacin in Allah zai kama bawa, abin da yake so ɗin yake ba shi. Layin da ya ƙi shiga shekara da shekaru, ran nan ya shiga.

Ya miƙe tsaye. Ya faɗi sunansa, ya faɗi na ubansa, ya faɗi na ƙauyensu, ya ce, "Ga ni nan a cikin garin Haɗeja, na baro komai na zo don in faɗi gaskiya." Ya zazzage ra'ayinsa kaf, tukunya da albarkarta, inji da rashin mutuncinsa.

Misbahu ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Baba, a zamanin tukunyar ka taɓa ci kuwa?"

Ya ce, "A'a, amma..."

Sai Abdulfattah, tsohon da ya ƙarar da yawunsa yana karewa, ya gyara zama ya ce, "Ai injin ya fi, malam. Ni ma kafaɗata ta huta. Ka ci gaba da turawa, rabonka na nan tafe." Aka katse layin.

Gidan kallo ya ɗauke da ihu, Safiyanu har da faɗowa daga benci. Shi kuwa ya zauna yana murmushi. An yi masa dariya, amma ai duniya ta ji muryarsa.

Ta ji kuwa. A ƙauyensu, a wurin mai shayi, matasa suka yi ta tafi suna cewa namu ne, namu ne. Tukur yana zaune a wurin, bai daɗe da ɗaure kwalekwale ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Muryar wa na ji? In yana Haɗeja, wa ke kan jinga?"

Suka zuba a guje. Ba su kai ba suka ji rugugin.

Mutumin nan ya dawo da sauran rana, ya tarar hanya ta yanke, sai a kwalekwale aka tsallakar da shi. Inda shinkafar garin take, ruwa ne shimfiɗe har ƙarshen gani. Inda ɗakin Hajo yake, babu ko alamar bango. Jama'a suna kan tudu da 'yan ƙullin kayansu, ga wani abu a kwance an lulluɓe da zane.

Ya buɗe baki ya ce, "Na ɗan zagaya ne..."

Tukur ya ce, "Duk garin nan ya ji inda ka zagaya." Turken yana nan tsaye a bakin ɓarakar, Tukur ya kwanto kabar ya riƙe. Ya miƙa masa ita ya ce, "Ga alamarka. Ko bushewa ba ta yi ba."

Sai maƙwabciyarsu Mairo ta matso. Ita ta tsira ne a kan bishiya, ta ga komai ba ta da ikon komai. Ba ta sassauta masa ba, kuma ni ma ban ga dalilin da za ta sassauta ba. Ta ce, "Ta ja jiki har bakin ƙofa. Ba ta kira ni ba, ba ta kira kowa ba. Sunanka take kira, sunanka na yanka, da ƙarfi, tana kallon jinga. Ta ɗauka kana sama. Tana kira har bangon ya faɗo."

Kun ji inda aka faɗi sunan. Shi yana can yana shelanta shi ga mutanen da ba su san shi ba, ita tana nan ta ajiye alkunyar rayuwarta duka tana kiransa.

Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi ƙara. Garin ya kwashe zuwa azuzuwan firamare, aka ci shekarar da ƙyar. Ummussalma ta ɗauki yaranta ta koma gidansu a Malam Madori. Da aka sake tara jinga aka raba yankuna, an tsallake shi. In ya zauna a tabarma sai a tashi ɗaya bayan ɗaya. Bai jure ba, ya bar garin.

Shirin fa? Ko mako ɗaya bai tsaya ba. Su ba su ma san an yi wata Hajo a duniya ba.

Yana nan yau a Haɗeja yana dako a kasuwar kifi, riga a yage, hankali rabi da rabi. Muryarsa ta ran nan tana cikin wayoyin matasa, su kunna su yi dariya. Ranar Asabar za ka gan shi a tsaye a tagar gidan kallo, don ba a barinsa ya shiga. Su Safiyanu su leƙo su ce, "Alƙali, tukunya ko inji?" Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yana amsawa. Ya gyara murya ya fara bayani.

Ya 'yan uwa, caca ba ta tsaya a aljihu. Tana cin lokaci, ta ci hankali, ta ci amana, har mutum ya ga jan ruwa yana fitowa a saitin uwarsa ya ce bari in je in dawo. Kuma kada mai cewa ni ba na turawa, kallo kawai nake yi ina faɗin ra'ayi, ya ɗauka ya kuɓuta. Mutumin nan ba kwaɗayin babur ne ya ɗauke shi daga jinga ba, son a ji bakinsa ne. Kowannenku an ba shi abin tsaro, wani iyaye, wani 'ya'ya, wani haƙƙin maƙwabta. Ranar Asabar mai zuwa, kafin ka zauna a bencin nan, ka tambayi kanka wa ka bari a gida yana zaton kana nan kana dubawa.

Allah ya jiƙan Hajo, ya sa ruwan nan ya zama shahada gare ta. Allah ya raba mu da caca da son a sani. Allah ya kiyaye mu da ɗaura alamar gaskiya a kan ƙarya, kada ya sa iyayenmu su kira mu a ranar tsanani su ji shiru. Amin.