Farin Bango da Kallon Inna Dudu

Ranar da aka sauke bulo a tsakar gidan marigayi Malam Ɗanjuma mai majigi, a Malumfashi, Inna Dudu ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya bayan la'asar, sannan ta ɗaga murya.

"Haladu! Hansai! Da kai mai gemun nan da kake yi kamar ba ka ji ba. Ku zo ku zauna, ina da magana. Mai uzuri ya ajiye uzurinsa a zaure."

Mai gemun shi ne Mamuda, ɗanta na fari, wanda kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunansa ba. Ya zo ya zauna a gefe. Hansai, autarsu, wadda ta zo wuni daga gidan mijinta, ta raɓa kusa da uwar. Haladu ne ya zo a ƙarshe, ya zaɓi wurin da idonsa ba zai haɗu da na wansa ba.

Haladu ne ya sayo bulon. Washegari magini zai ja katanga daga zaure zuwa rijiya, gidan ya rabu biyu. Dalili kuwa, mahaifinsu ya bar musu filin kallo a jikin gidan, da wani dogon farin bango da ya gina da hannunsa, inda ake haska fim tun kafin a haife su. Haladu ke riƙe da sana'ar. Ya yi tafiya Kano, ya dawo ya tarar da Mamuda riƙe da diga, rabin bangon a ƙasa. Dama 'yan tsegumi sun daɗe suna raɗa masa cewa wansa shaguna yake so ya gina a wurin. Bai tambaya ba, ya ci kwalarsa a gaban jama'a. Mamuda ya cire hannun ƙanensa daga rigarsa, ya wuce, ko uffan. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Haladu ya zo da amsoshinsa a aljihu, yana jiran wa'azin zumunci. Sai ya ji tsohuwa ta ɗauko wata hanya daban.

"Tun da likita ya cire mini yanar idon nan," in ji ta, "ba abin da nake yi sai kallo a akwatin talabijin da Hansai ta kawo. Ban shiga aji ba, baƙaƙen boko ma a jikin fastar fim na koye su, ina liƙawa da ƙullu. Ba na jin Indiyanci, ba na jin yaren Sin, amma fuska yare ɗaya take yi a duk duniya. Fim uku na gani da suka tsaya mini a rai, kuma sai kun ji ra'ayina, ko kuna so ko ba ku so."

"Inna ta zama alƙaliyar fim," in ji Hansai.

"Rufe mini baki, ke da kike barci tun ana rubuta sunaye. Na farko tsoho ne, baƙi da fari, na Indiya, wanda mahaifinku ya fi haskawa. Shekara da shekaru ina bakin ƙofa ina yage tikiti ina auna gyaɗa, na haddace waƙoƙinsa ta bayan katanga, ban taɓa ganin fuskar mai yi ba. Wata mata ce mai sayar da furanni a tasha, mijinta ya tafi neman aiki. Kai, mutanen zamanin da sun iya aiki! A ɗora hoto a kan fuskar mace a bar shi nan, ba tsalle ba duka, amma ka ji hantarka ta kaɗa. Akwai wata waƙa da nake kaɗa kafaɗa idan ta zo, ina cewa ta biki ce. Da na gani da idona, ashe kuka matar take yi. Jirgi ya iso, kowa ya sauka, ban da nata. Na ce, Dudu, kin yi shekaru kina rawa a gidan makoki."

Ta gyara zama. "Ku tuna halin mahaifinku. Masu majigi da yawa kan tsallake faifai guda don a tashi da wuri. Shi kuwa, in samari suka fara ihun a wuce waƙa, sai ya kashe injin, ya leƙo ta tagarsa ya ce, wanda ya sayi rake da gaɓa ya saya. Ba ya kunnawa sai an yi tsit."

Haladu ya ji sunan uban ya taɓa shi, ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Shi ya sa bangonsa ya yi mini ciwo."

"Amin. Yi haƙuri, ina zuwa kanka. Na biyu na faɗa ne, na mutanen Sin, kuma tare da kai muka gani, rimot na hannunka. Wallahi ya burge ni. Saurayin nan mai farar riga, da ya shiga marina ya tarar da ƙarti, ya kama ludayin rini ya bi su ɗaya ɗaya, kowa ya fito daga karofi shuɗi kamar an tsoma zane. Na yi dariya har da hawaye. A ƙarshe ya kama wani tsoho ya karya masa hannu, na tafa na ce Allah Ya ƙara, don na ga tsohon ya cinna wa gidan uban yaron wuta. To amma kai, da an fara magana sai ka danna ka tura gaba. Daga duka sai duka, kamar mai tsince nama a miya ya bar tuwo."

"Surutun ne ya yi yawa, Inna."

"Da ka fita na sa jikata ta mayar mini da shi farko, fassarar Hausa ce, na zauna na sha surutun duka. Ashe annoba ce ta shiga gidan. Uban yaron da bakinsa, yana kan gargara, ya roƙi tsohon nan amininsa ya ƙone gidan bayan ransa, kada cutar ta ci gari. Yaro ya dawo daga tafiya, hayaƙi kawai ya gani. Kuma kafin ya tafi ɗaukar fansa, wata tsohuwa mai sayar da taliya ta tare shi a hanya, ta ce kada ya zama kamar matafiyi mai sanda. Nan ma ka tsallake."

Haladu ya so ya yi shiru, amma mai sana'ar fim ba ya iya barin labari a rataye. Ya ce, "Mene ne labarin matafiyi mai sanda?"

Inna Dudu ta ce, ga yadda mai taliya ta faɗa.

An yi wani matafiyi, ƙaƙƙarfa, mai sanda irin ta gora, wanda ya yi wa kansa alkawari ba zai ga zalunci ya wuce ba. Wata rana ya biyo bakin kogi, sai ya hangi wani ƙato ya danne wani siriri, yana dukan bayansa da iyakar ƙarfinsa. Siririn idanu sun firfito, baki buɗe, ko kuka ya kasa. Matafiyi ya ce a ransa, yau ga ranar sandata. Ya zaburo, ya sauke wa ƙaton gora a ƙeya, ƙato ya zube sumamme. Ya juya ga siririn yana cewa, tashi, bawan Allah, na cece ka. Siririn ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna ƙaton, ya sake nuna maƙogwaro. Matafiyi ya ce, na gani, shaƙe ka ya yi, ai ya ji a jikinsa. Kafin ƙaton ya farfaɗo, siririn ya cika. Da ƙato ya buɗe ido ya ga gawa, ya ɗora hannu a ka ya ce, kai baƙo, ƙanena ne. Kifi muke ci, ƙaya ta tsaya masa a wuya, saura kaɗan in fitar da ita ka zo. Matafiyi ya dubi sandarsa ya ce, na ga duka da idona. Ƙaton ya ce, ka ga duka, ba ka ga kifi ba.

"Mai taliya ta ce wa saurayin, ɗana, je ka nemi kifin kafin ka ɗaga sanda. Bai ji ba. Da ya gane gaskiya, hannun tsoho ya riga ya karye, kuma duk iya faɗansa bai iya ɗori ba." Inna Dudu ta dubi Haladu ido cikin ido. "Ana cewa gani ya kori ji. To rabin gani fa, me ya kora? Kai ka gaji injin ubanka, ba ka gaji haƙurinsa ba. Ka shigo fim a tsakiya, ka tarar da diga, ka tafa wa kanka."

Haladu ya ga wata kafa, ya bi. "To Inna, ƙaton nan suma ya yi, shi ya hana shi magana. Wanda bai suma ba fa? Ai yana da baki."

"Madalla. Ka kawo ni ga na uku da ƙafarka." Ta juya wajen Mamuda, ba ta dube shi sosai ba. "Wannan naka ne, mai gemu. Wani bauɗaɗɗen fim ne na Turawan ƙasar sanyi, Hansai ta ce kuskure aka yi aka tura mata shi. Daga farko har ƙarshe maganar da aka yi ba ta cika cokali ba. Da fari na ce mahaukata ne suka yi shi. Amma hoton ruwan nan da duwatsu, tsarki ya tabbata ga Allah, ban taɓa ganin kyau irinsa ba. Sau biyu na kalle shi."

"Me ya faru a ciki?" Mamuda ne ya tambaya, muryarsa ƙasa ƙasa. Ita ce kalmarsa ta farko.

"Au, ashe kana magana. Wani mutum ne da ƙanwarsa a tsibiri, da akuya ɗaya. Ƙanwar na da jirgin ruwa na gado, da shi take kamun kifi. Kullum da safe sai wan ya zo ya ɓalle katako ɗaya daga jikin jirgin, ya saɓa a kafaɗa ya haye tudu. Ta dube shi, ya dube ta, akuya ta dube su. Mu masu kallo an nuna mana abin da ba ta sani ba: tsutsa ta cinye gindin jirgin, shi kuwa sabo yake sassaƙa mata a bayan tudu, yana auna tsohon katako don sabon ya yi kama da na ubansu. Ina zaune ina ce masa, kai gaula, gaya mata mana! Bakinka ɗinke yake? Shi a ganinsa shi ne babba, aikinsa zai yi magana. Ita kuwa da ta ga gadonta na ƙarewa, wata safiya ta tura abin da ya saura cikin ruwa, ta tafi. Ba ta dawo ba. Ya gama jirginsa, ya jawo shi bakin ruwa, ba mai shiga. Hoton ƙarshe, akuya ce tsaye a ciki tana tuƙar ciyawa."

Hansai ta fara dariya, ta ga ba mai taya ta, ta haɗiye.

"Ana cewa shiru ma magana ce," in ji Inna Dudu. "Haka ne, amma kowa da fassarar da yake yi mata, kuma 'yan tsegumi sun fi kowa iya fassara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Haladu ya dubi tarin bulon, ya dubi ƙasa. Abin da ya fi ƙona shi, shi da ke zagin yaran da ke shigowa fim a makare suna tambayar wane ne ɗan iskan, yau shi ne ya yi irin nasu. Ya juya, karo na farko tun ranar, ya fuskanci wansa.

"Yaya, na tsallake. Mayar mini da shi farko."

Mamuda ya murza gemu, ya ce, "Ruwan bana ya ci gindin bangon ta baya, wajen ɗakin Inna. Ya tsage har hannuna na shiga. Ranar da ka tafi aka yi iska, na ga yana rawa, kuma ga yara na zama a gindinsa. Na ce in sauke shi in tayar da sabo kafin ka dawo, don na san yadda kake ji da shi. Ban taɓa maganar shago da kowa ba. Da ka ci kwalata a gaban mutane, na ce in dai haka ka ɗauke ni, ba zan wanke kaina ba."

"Ka yafe mini, Yaya."

"Ni ma da na buga maka waya, da ba a yi haka ba."

Haladu ya juya ga uwar. "Inna, kin san da tsagar nan?"

"Ita ce abu na farko da sabon idona ya gani, kafin fim ma."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Sau nawa na fara, kana cewa kana sauri? Ni ma tura ni gaba kake yi." Ta miƙa hannu Hansai ta tashe ta, ta karkaɗe zaninta. "Ni dai na faɗi ra'ayina: fina-finan nan uku duk sun yi kyau, mutanen cikinsu ne ba su da wayo. Saura naku. Ga bulo can, ba ruwansa, inda aka ɗora shi nan yake zama. Magini zai zo gobe da safe ya tambayi inda zai ja igiya, ko daga zaure zuwa rijiya, ko inda ubanku ya ja tasa. Ku zauna nan, ku biyun, ku yanke. Kada wanda ya tashi sai bakinku ya zama ɗaya, ku zo ku faɗa mini kafin a kira magariba. Kuma in bango za ku tayar, ku ajiye mini kujera a gaba. Na gaji da jin waƙa ta bayan katanga."