Kura a Gidan Fafaroma

Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga nesa ta taso.

Ta zo mu ji ta, mu ba ta ruwa.

A zamanin da, a birnin Rum, an yi wani Fafaroma, waliyyi, har tsuntsaye na sauka a kan sandarsa. Yana da 'yan raguna biyu da ake saƙa masa mayafi da ulunsu. Aka yi shela ana neman mai tsaronsu.

Kura ta ji. Miyau ya tsinke mata. Ta je ta zube gaban Fafaroma.

"Baba, duk Rum babu mai tsoron Allah kamata. Azumin nan na kwana arba'in, ko ƙamshin nama ban shaƙa ba."

Fafaroma ya ce, "Madalla, 'yata. Ki kwana uku tukuna."

To, al'adar gidan, baƙo duk ƙazantarsa, Fafaroma da kansa ke wanke masa ƙafa, kuma a ci wake tare.

Rana ta farko aka ci wake. Ana wanke ƙafa, sai ga gashin tsuntsu ya taso a ruwa.

Kura ta ce, "Matashin kai na taka, Baba."

Rana ta biyu, wake. Kura tana haɗiya tana hawaye, wai daɗi ne. Ana wanke ƙafa, sai ga ɗan ƙashi tsakanin yatsu.

Ta ce, "Na sakace ne, Baba. Gadonsa na yi."

Rana ta uku, wake dai. Kura ta riga ta dirje ƙafafunta tas, ta miƙa su tana leƙen raguna ta taga. Da wanne za ta fara? Fafaroma yana cuɗawa ya yi ajiyar zuciya.

"Allah sarki agwagwata. Kwana uku ba a gan ta ba. Duk wanda ya ci ta ma ya ban tausayi. Tsohuwa, ramammiya, ƙashi da fata."

Kura ta yi zumbur. "Haba Baba, wace ramammiya? Kitse har haɓata!"



Fafaroma ya goge mata ƙafa a hankali. "Na yafe miki, 'yata. Raguna kam sai dai daga nesa. Amma azumin da kika ce kin yi, zauna mu yi shi tare. Ku ƙaro mata wake!"

Ƙurunƙus kan ɓera, ba don wake ya cika mini ciki ba da na ƙara muku. Maƙaryaci ya iya wanke ƙafarsa, bakinsa ne ba ya wankuwa.