Hakama Ba-Ni-Ba da Igiyar Yasa

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

To ku matso. Ladidi, share hawayen nan, maganar ludayin da ya fashe ta isa haka, tun la'asar ake miki faɗa. Kai kuma Sallau, angon banza, janye ƙafarka daga tabarmata.

Wani gari ne mai rijiya ɗaya tal, zurfinta gaba goma sha biyu. Mutanen garin ba su da aiki a bakinta sai gulma. Wance ƙazama ce, wane marowaci ne. Ana ja, ana zuba zance. Ana nan ana nan, sai ruwan ya zama laka. In ka zura guga, taɓo za ka jawo.

A garin akwai mai yasar rijiya, sunansa Tunau. Shi ke shiga ya kwashe laka, ruwa ya dawo. Gwani ne, amma akwai faɗa kamar zakara. Matarsa kuwa Hakama. Ita ba ta taɓa yin laifi ba tunda aka haife ta. In tuwo ya ƙone, ba ni ba ce, itacen ne. In gishiri ya zarce, ba ni ba ce, hannun ne. Har aka daina kiran sunanta, sai Ba-Ni-Ba.

Tunau yana da igiyar yasa ta kaba, mai tufka uku, ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Ana gobe zai shiga rijiya, sai Hakama ta sauke tukunyar miya, ta rasa inda za ta girke ta. Sai ta ga igiyar a naɗe kamar gammo. Sai ta ɗora a kai. Ashe da garwashi manne a gindin tukunyar. Kafin ta ankara, ya cinye tufka biyu, saura ɗaya.

Ta duba nan, ta duba can, ba kowa. Sai ta ɗebo laka ta shafe wurin, ta mayar da igiya inda take, ta ja bakinta ta yi gum.

Gari ya waye, jama'a suka taru. A al'adarsu mutum uku ke riƙe wa mai yasa igiya: ɗan'uwansa a gaba, maƙwabcinsa a tsakiya, matarsa a wutsiya. Sai ƙanensa Nomau ya kama gaba, maƙwabcinsa Jatau ya kama tsakiya, Hakama ta kama wutsiya. Tunau ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla. Aka zura shi sannu a hankali. Hakama tana kallo wurin lakar ya goga a itacen bakin rijiya, ƙiiit, ya wuce ƙasa. Ba ta ce uffan ba.

Tunau ya dira ke nan, sai ya ji caraf, an kama masa ƙafa.

"Wayyo! Ku ja! Ku ja ni!"

Suka ja, ko motsi. Sai wata murya ta taso daga ƙasa, gur-gur-gur. Ashe wani tsohon kwaɗo ne, girmansa ya kai turmi.

Kwaɗo ya ce, "Shekara arba'in ina nan, kuna zubo mini aibin mutane a ka. Shi ne lakar nan da kuke gani. Na wani na ji, na wani na ji, ban taɓa jin mai faɗin nasa ba. Yau ku ukun nan masu igiya, kowa ya faɗi nasa, a gaban kowa. In ba haka ba, ruwa ya shanye shi."

Sai ya yi kuka, "Naka fa? Naka fa?"

Nomau ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, "To, ni dai, ai ko Jatau ɗin nan ma, kowa ya san..."

Bul-bul-bul! Ruwa ya ɓulɓulo. Tunau ya yi ihu, "Ya kawo gwiwa!"

"Naka fa? Naka fa?"

Nomau ya share gumi. Ya ce, "Ni matsoraci ne. Ranar da kura ta shiga garken tumakinmu, na ce muku na bi ta da gora har bakin rafi. Ƙarya nake. Cikin rumbu na shige, na ja murfi."

Jama'a suka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Nomau ya sunkuyar da kai. Amma ruwa ya tsaya.

Kwaɗo ya ce, "Ɗaya. Na tsakiya, naka fa?"

Jatau ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ni aibina ɗaya ne, jama'a shaida ne. Na cika haƙuri. Kirkina ya yi yawa, har cutata ake yi."

Kun ji ɗan banza! Aibi aka ce ya faɗa, shi kuwa kirari yake wa kansa.

Bul-bul-bul! "Ya kawo ƙugu! Jatau, ka ji tsoron Allah!"

"Naka fa? Naka fa?"

Jatau ya matsa gaba. Ya leƙa rijiya ya ce, "Tunau, gambar nan da ta raba gonata da taka. Duk damina nakan tumɓuke ta in matsar da ita taki ɗaya cikin taka. Shekara bakwai ke nan."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Amma ruwa ya tsaya.

Kwaɗo ya ce, "Biyu. Ta wutsiya, naki fa?"

Ido duk ya dawo kan Hakama. Bakin da ya saba ai ba ya jiran mai shi. Sai ji aka yi ta ce, "Ni? Ba ni ba ce!"

Bul-bul-bul! "Ya kawo ƙirji!"

Ta ce, "To me na yi? Ni ban san wani aibi gare ni ba, sai dai in mutane..."

Bul-bul-bul! Muryar Tunau ta fito a shaƙe, "Wuya, Hakama! Ya kawo wuya!"

Mata suka yi mata caa. "Ke faɗi mana! Za ki kashe mijinki!"

Maganar igiya ta zo mata har maƙogwaro. Ta haɗiye ta. Sai ta lalubo wata ƙarama, ta ce, "Ina tsame nama a tukunya kafin a kwashe. In Malam ya tambaya, in ce kyanwa ce. Mu kuwa ko kyanwa ba mu da ita."

Aka yi 'yar dariya. Sai kwaɗo ya ce, "Gaskiya ne. Uku. Na sake shi, ku ja abinku."

Hakama ta sauke ajiyar zuciya. Ta tsira, ba wanda ya sani, ba wanda zai ƙara tambayarta.

Kai Sallau, me kake murna? An ce maka an gama? Ka manta da tufka ɗaya?

Da sauka, a bushe Tunau ya sauka. Yanzu ya jiƙe sharkaf, ga laka ta ɗaure shi, nauyinsa ya ninka. Suka fara ja. Gaba ɗaya. Gaba biyu. Igiya tana kuka, ƙiiit, ƙiiit. Gaba huɗu. Hakama ta ɗaga wuya ta leƙa, sai ta hango wurin da ta shafe da laka yana tahowa. Lakar ta zube, tufka ɗayar ta miƙe siririya kamar zaren saƙa. In ta hau itacen bakin rijiya ta goga, shi ke nan.

Zuciyarta ta ce, yi shiru. In ta tsinke, cewa za a yi igiya ce ta tsufa. Wa ya gan ki?

Saura kamu uku.

Nomau yana cewa, "Ku ja, ya kusa!"

Saura kamu biyu.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Tana tsoron faɗan mijinta, tana jin kunyar idon jama'a, amma tsoron ƙarar faɗuwarsa ya fi.

Saura kamu ɗaya.

Sai ta ƙwalla ƙara, "Ku tsaya! Kada ku ja! Ni ce!"

Suka tsaya cak. Tunda garin yake, ba a taɓa jin kalmar nan a bakinta ba.

"Ni ce na ƙona igiyar! Jiya na girke tukunya a kai, tufka biyu suka ƙone, na shafe da laka na ɓoye. Ga wurin nan, ku duba! Ni ce, wallahi ni ce!"

Nomau ya leƙa, ya ce, "Innalillahi!" Mata suka kwance igiyoyin gugansu, aka haɗa uku aka murɗe, aka jefa. "Tunau, kama! Kama da hannu biyu!" Yana kamawa, sai ji kake ɗas! Igiyar yasa ta tsinke, guntunta ya faɗa ruwa, tsulum.

Gari duk ya kama sabuwar igiya, aka fito da shi.

Sai murya ta taso daga ƙasa. "Ukun farko ni na matse ku kuka faɗa. Wannan ban tambaya ba." Sai laka ta kwanta, ruwa ya taso garau, har kana ganin fuskarka a ciki.

Tunau yana zaune a ƙasa yana haki. Hakama tana tsaye, guntun igiya a hannunta, tana kuka. Kowa yana jira ya ce ta tattara kayanta.

Tunau ya dube ta. Sai ya ce, "Saura nawa aibin. Tun da asuba na ji ƙauri a jikin igiyar nan. Girman kai ya hana ni in je aro. Kuma ni mafaɗaci ne. Abin da bai kai ya kawo ba, sai in tayar da gida. Shi ya sa ake ɓoye mini magana a gidana, har ta kusa kashe ni." Ya juya ya ce, "Jatau, gobe da sassafe mu haɗu a wurin gamba." Sai ya miƙa wa matarsa hannu. "Ke kuma Ni-Ce, tashe ni mu tafi gida."

Sunan da ya bi ta ke nan har ta tsufa. Shi ya sa har yau in damina ta sauka, za ku ji kwaɗi suna tambaya a bakin ruwa: naka fa, naka fa.

Ƙurunƙus kan kusu, ba don kwaɗon nan ba da ni ma na yi gum. Aibin da ka ɓoye, wani ne ke rataye a jikinsa. Ka faɗa tun bai kai bakin itace ba.

Ladidi, zo nan kusa da ni. Ludayin nan da aka yi ta miki faɗa a kai, ba ke ba ce. Ni ce na zauna a kansa da hantsi, na tura shi ƙarƙashin tabarma. Yi haƙuri, kin ji? Kai Sallau, rufe bakin nan, dariyar me kake yi? Naka fa?