Baba Yana Kwance, 'Ya'ya Suna Gardama a Waya

Akwai wani manomi da ya tsufa, ciwon ƙafa ya kwantar da shi. 'Ya'yansa maza biyu da sauran dangi duk suna birane, 'yarsa gwauruwa kaɗai ke jinyarsa. Sai suka buɗe zauren hira a waya don su yi shawara a kansa.

Babban ɗan ya ce a kai Baba asibitin birni. Ƙaramin ya ce tafiyar za ta galabaitar da tsoho, gara a kawo likita gida. Dukansu biyu suna ƙaunar ubansu. Amma da musu ya ɗan yi zafi, babban ya janye masu goyon bayansa suka buɗe nasu zauren. Ƙaramin ma ya yi haka.

A zauren babban wani ya ce, "Ƙanenka gudun wahala yake." Wani ya ɗora, "Ai gonar yake hange." A na ƙaramin kuwa aka ce, "Yayanka suna kawai yake nema." Kullum magana tana ƙara kauri. Wani kawunsu ya ce, "Ko mu saurari 'yan'uwanmu?" Aka kira shi munafuki.

'Yar ta aika wa 'yan'uwanta maza biyun, "Ƙafar tana ta kumbura. Don Allah ku tsai da magana ɗaya."

Kowannensu ya amsa, "Kada ki yi kome sai kin ji daga gare ni."

Tsohon ya ce mata, "Ce musu su zo mu zauna." Amma ba wanda ya yarda ya zo ya tarar da ɗan'uwansa.

Ana cikin haka tsohon ya rasu. Ba a kai shi asibiti ba, likita kuma bai zo ba. A bakin kabari babban ya ga ƙanensa durƙushe yana kuka kamar yaro. Sai ya gane ba gona yake hange ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: in kana zama da masu tafa maka kaɗai, zuciyarka za ta taurare, ɗan'uwanka ya zama maka abokin gāba. Tsohon nan shi ne abin da Ubangiji ya danƙa a hannunmu: iyali, ikilisiya, maƙwabci mai bukata. Ko shawarar babban aka bi, ko ta ƙaramin, da an taimake shi. Ɗan'uwa, kafin ka tura saƙo a kan wani, tashi ka je ka dubi fuskarsa. Wanda ke kwance ba zai jira ku gama gardama ba.