Mai Awon Da Ba Ya Awo

Ya 'yan uwa, a wani ƙauye tsakanin Kebbe da Tambuwal an yi wani mutum, ma'aikacin ƙaramin asibiti. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya. Shi aka damƙa wa awon mata masu ciki.

Mutumin nan bai iya zama ba. Jikinsa yana asibiti, hankalinsa yana fadama wurin shinkafarsa. Mata su taso daga nesa a kan babur, hanya ta gama jijjiga su, su tarar da shi yana leƙen ƙofa yana karkaɗa makulli.

Wata rana robar na'urar awon hawan jini ta tsage. Gyara sai an je Tambuwal, shi kuwa ga ban ruwa. Ya ce sai mako mai zuwa. Makon nan har yau bai zo ba. Sai ya ci gaba da ɗaura ta a damtsen mata, ya matsa, ya tsuke fuska kamar babban likita, ya ce, "Lafiya lau." Wa zai gane? Matar ƙauye ta san yadda allurar na'urar ke motsi?

Ana nan sai wani makiyayi, Maccido, ya kawo matarsa Ruwaida, ƙafafu sun kumbura, kai yana sara mata. Ko sabon ma'aikaci ya san alamar hawan jini ce. Mutumin ya ɗaura, ya matsa, ya ce lafiya lau, ya hau babur. Mako bai zagayo ba jijjiga ta kama ta. Kafin a kai Tambuwal ta cika a hanya, da ita da abin cikinta.

Daga ranar ya rasa sukuni. Ya je fadama ya kasa tsayawa, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Tsoro ne, ba tuba ba. Kullum jira yake Maccido ya zo da sanda.

Maccido ya zo, amma ba sanda. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ka yi iyakar ƙoƙarinka, ajali na. Ga ƙanwata Mu'minatu, ita ma ciki gare ta, ƙafafun sun kumbura. Kai munka yarda da kai."

Jama'a, ga ƙofar tuba Allah ya buɗe masa wangale. Kalma ɗaya ce: ku wuce Tambuwal yanzu, na'urata ta mutu. Amma in ya faɗi haka, ai ya faɗi abin da ya kashe Ruwaida. Sai ya ɗaura mata na'urar, ya matsa, gumi yana zuba. Ya ce, "Lafiya lau."

Na farko sakaci ne. Wannan fa, me za mu kira shi?

Washegari idon Mu'minatu ya fara ganin duhu, aka ruga da ita Tambuwal. Ta tsira da ƙyar, ɗan bai zo da rai ba. Likita ya yi tambaya, aka aiko masu bincike, suka matsa na'urar a gaban jama'a, allura ko motsi. An kore shi daga aiki. Abin da ya fi ƙona mini rai, mazan yankin da yawa suka hana matansu zuwa awo, har da inda ake yinsa da gaskiya.

Shi kuwa hankali ya gushe. Yanzu yana tasha yana kai da komowa, ba ya zama ko da rana tsaka. Ya kama damtsen duk wanda ya gifta ya matse, yana roƙo, "Tsaya in sake aunawa."

Ya 'yan uwa, aikin da aka ba ka amana ne, kuma za a tambaye ka. In ba ka sani ba ka ce ban sani ba, in kayan aiki sun lalace ka faɗa. Ku kuma magidanta, kada laifin mutum ɗaya ya sa ku hana matanku awo.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sauki matanmu lafiya, ya ba mu ikon tuba tun da hankalinmu. Amin.