Ɗan Wasan da Aka Rage wa Tsawo a Shafinsa

Akwai wani mutum a Bishkek mai suna Kubanych, wanda ko agogon hannunsa bai yarda da shi ba sai ya duba na waya. Masu bibiyar wannan shafi, na san kowa yana da irinsa a dangi.

Aikinsa kuwa ya yi daidai da halinsa. Idan ƙungiyar ƙwallon kwando za ta ɗauki ɗan wasa, sai ta turo masa suna, shi kuma ya shiga shafin intanet na ɗan wasan ya tona komai: hotuna, bidiyo, tsawo, shekaru. Ya kama masu ƙara wa kansu tsawo, ya kama masu ɗora bidiyon wani su ce su ne. A duk wurin shan shayi, tinƙahonsa ɗaya ne, wai shi ba a taɓa yi masa wayo ba.

Wata rana wata ƙungiya daga Kazakhstan ta turo masa sunan Mirlan, wani ƙwararren ɗan wasa daga garin Kara-Balta. Sun gan shi a fili, sun yaba, kwantiragi yana kan tebur. Abin da ya rage kawai Kubanych ya ce shafinsa lafiya, kafin a rufe rajistar 'yan wasa. Mirlan ya daɗe yana jiran wannan dama, ga shekaru sun fara ja. In ta wuce shi, da wuya wata ta zo.

Kubanych ya buɗe shafin, nan take ya tsuke fuska.

A takardun gasar ƙasa, Mirlan ya haura mita biyu. A shafinsa kuwa an rage masa kusan taƙi guda. Wasan da ya zuba maki har jama'a suka miƙe tsaye suna kiran sunansa, babu ko labarinsa. Wasannin da aka lallasa ƙungiyarsu, su ne aka jera a gaba. Hotunan kuma duk daga baya aka ɗauka, ko daga nesa, ko ya sunkuyar da kai yana ɗaure takalmi. Babu guda da za ka kalli fuskarsa sosai.

"Cholpon, zo ki ga ikon Allah," ya kira matarsa. "Maƙaryata ƙari suke yi, wannan ragi yake yi. Wanda ya rage wa kansa tsawo, akwai babban abin da yake binnewa."

Cholpon ta leƙa, ludayi a hannunta. "Wataƙila wanda ya haɗa masa shafin ne bai iya ba."

"Bai iya ba? Ki dubi tsarin, tas! Wannan da gangan aka yi. Ni na gane. Da takardun ƙaninsa yake wasa, don a ce yaro ne. Tsawon da ke shafin na ƙanin ne, shi ya sa ake ɓoye fuska."

"Baban yara, ga lambar waya can a ƙasa. Ka kira ka tambaya mana."

"In kira su, su share komai kafin in ajiye wayar? Ke dai je ki duba miyarki."

"Miyata ba ta taɓa ƙona kowa ba," in ji ta, ta juya abinta.

Kafin shayinsa ya huce ya rubuta wa ƙungiyar cewa shafin cike yake da rufa-rufa, akwai alamar maguɗin shekaru, su yi hattara. Ya tura, ya miƙe ƙafa yana jin kansa gwani.

Amma mai zargi ba ya ƙoshi. Yana son ya ga ƙanin nan da idonsa, ya ɗauki hotonsa, ya samu sabon labarin da zai riƙa bayarwa. Sai ya hau motar haya zuwa Kara-Balta, ya yi tambaya har aka nuna masa wani gida mai shuɗiyar ƙofa.

Wata mata ce ta buɗe, kallabi a kanta, hannunta duk garin fulawa. Ita ce Bermet, yayar Mirlan, wadda ta rene shi tun rasuwar iyayensu. Kubanych ya ce shi mai son wasan ƙaninta ne, hanya ce ta biyo da shi.

"Shigo, baike, shigo. Ba a magana a bakin ƙofa." Baike kiran girmamawa ne da suke yi wa namiji a can.

Ta zaunar da shi a wurin manyan baƙi, nesa da ƙofa. Ta kawo gurasa, soyayyen boorsok mai kama da fanke, da man shanu, ta zuba masa shayi rabin kofi ta miƙa da hannun dama. Shi kuwa idonsa na yawo a ɗakin. Ya leƙa takalman da ke bakin ƙofa, ya ƙirga kofuna. Har kirkin nata ma bai yarda da shi ba, a ransa cewa yake yi, masu ɓoye abu sun fi kowa iya tarbar baƙo.

"Eje," ya ce mata, wato Yaya, cikin ladabin ƙarya, "ƙanin Mirlan fa? Shi ma yana taɓa wasan?"

Bermet ta yi dariya. "Wane ƙani? Shi ne autanmu, kuma shi kaɗai ne namiji. Ka tambayi duk layin nan, a idonsu ya yi ta tsawo kamar turken lantarki."

Kubanych ya daure, ya sake jefo tambaya. "To wa yake kula da shafinsa? Na ga an rage masa tsawo. Na ga manyan wasanninsa babu."

Dariyar ta ɗauke. Ta dubi taga, ta yi tofi sau uku a gefen kafaɗarta, sannan ta sassauta murya.

"Ni ce. Sai da na je na koyi aikin a wurin 'yar maƙwabta don kada wani ya taɓa min shi. Baike, kai fa ɗan ƙasar nan ne, sai na yi maka bayani? Shekarun baya wata jarida ta buga hotonsa, fuska ɓaro-ɓaro, aka yi ta cewa babu kamarsa, dubi tsawo, dubi kyau. Ba a rufa mako ba gwiwarsa ta goce. Shekara guda ina ɗaga ƙaton nan ina kai shi banɗaki. Ido ne, kambun baka ne. A fili mutum ɗari ke kallonsa, ina turara masa hayaƙin itacen archa kafin ya fita. To intanet fa? Idon duniya gaba ɗaya, wane hayaƙi zai isa?"

Ta tashi ta janye bargunan da aka jera a kan wani tsohon akwati, ta buɗe. Lambobin yabo ne cike, da kofuna a naɗe cikin tawul, da hotunan Mirlan yana dariya, fuskarsa sak ta mahaifinsu da hotonsa ke rataye a bango.

"Na ce masa duk wanda yake son sa da gaske zai zo fili ya gani. Yana ta yi min ƙorafi, wai eje kin mai da ni gajere. Na ce gajere mai ƙafa biyu ya fi."

Kubanych ya ajiye gurasar da ke hannunsa. Ai shi ma mahaifiyarsa, don gudun ido, ba ta taɓa cewa jikanta kyakkyawa ne ba, kullum sai dai "wannan mummunan yaron nawa", tana sumbatarsa. Al'adar da ya tashi a cikinta, wadda yake gani kullum, ita ce ya kasa ganewa, don ya riga ya yanke cewa ɓarawo yake nema. Kunya ta rufe shi.

Ana cikin haka aka turo ƙofa. Mirlan ya sunkuyo ya shigo, jakar atisaye a kafaɗa, waya a hannu. Ya gaida baƙo da hannu biyu, sannan ya dubi yayarsa.

"Eje, sun fasa."

"Su wa?"

"Mutanen Kazakhstan. Wai mai duba musu shafi ya ce ni ba ni ba ne, wai da takardun wani nake wasa. Na rantse musu, sun ce ba sa son rigima."

Kubanych ya ajiye kofi. Zai iya yin shiru ya fice, ba wanda zai sani. Amma akwatin yana buɗe a gabansa.

"Ni ne," ya ce. "Ni na rubuta. Ku ba ni minti ɗaya, yanzu zan gyara."

Ya kira manajan ƙungiyar a gabansu, yana in'ina, yana cewa kuskure ne, yaron tsaf yake. Muryar manajan ta fito kowa yana ji.

"Kubanych, ɗazu ka ce ƙarya ne, yanzu ka ce gaskiya ne. Wanne za mu ɗauka? Mun riga mun saka wani a gurbin, an rufe rajista. Kuma daga yau ka huta, za mu nemi mai duba mana wanda yake tambaya kafin ya rubuta."

Mirlan ya zauna a kan jakarsa, ya dafe kai.

Bermet ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta mayar da hotunan cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, sannan ta dubi Kubanych.

"Shekara da shekaru ina ɓoye yaron nan daga mugun ido," ta ce. "Ashe zai zo har gida, in zaunar da shi a wurin manya, in zuba masa shayi da hannuna."

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da ka gani a waya, buɗe baki ka tambaye shi. Zargin da ka rubuta kafin shayinka ya huce yana iya rushe abin da wani ya yi shekaru yana ginawa, kuma "kuskure ne" ba ya dawo da shi. In kun san mai saurin zargi, ku tura masa wannan labari, ku kuma yaɗa shi ga sauran 'yan uwa.